Farfaɗo da DaVE: Kamfanin Kokawar da Bai Taɓa Wanzuwa Ba, Amma Ya Mutu a 2007

A duniyar ƙirƙira ta wasan kwamfuta mai suna Total Extreme Wrestling, kamfanin kokawa na Danger and Violence Extreme, wanda kowa ke kira DaVE, ya rufe ƙofa a 2007. Babu zauren da ya taɓa cika dominsa a zahiri, kuma cikin 'yan kokawarsa babu ko ɗaya da uwa ta haifa. Duk da haka masu buga wasan sun ji mutuwarsa, kuma tun daga lokacin ake samun masu zama gaban kwamfuta da niyyar tayar da shi. Wannan bayani ne a kan yunƙuri guda irin wannan, wanda na yi a fitowar wasan ta 2010, da abin da ya bayyana game da dalilin mutuwar kamfanin tun farko.

Wasan da duniyarsa

Wanda ya taɓa buga Football Manager zai gane tsarin nan take. Ba a ba ka ɗan kokawa ka yi ta danna maɓalli yana kai naushi. Kai ne mai kamfani ko mai tsara wasanninsa, kuma abin da ke gabanka rubutu ne da maki. A kokawar reslin ta Amurka an san wanda zai yi nasara tun kafin a hau dandali, to wannan sanin shi ne aikinka: wa zai kara da wa, wa zai ci, minti nawa za a yi, wace gaba za a ƙulla tsakanin mutum biyu har 'yan kallo su biya kuɗi don ganin ƙarshenta. Bayan kowace karawa wasan zai ba ka maki, daga F har zuwa A mai tauraro. Idan makin taro gaba ɗaya ya zarce farin jinin da kamfaninka ke da shi a yankin, sai farin jinin ya ƙaru. Idan ya gaza, ya ragu. Karawar rufe taro ita ta fi nauyi a lissafin.

Adam Ryland, ɗan Birtaniya, shi ya fara jerin wasannin a 1995 da sunan Extreme Warfare. Wanda ya fitar kyauta a 2002, Extreme Warfare Revenge, da 'yan kokawa na gaske yake. Da aka koma sayar da wasan daga 2004, amfani da sunayen mutanen WWE, babban kamfanin reslin na Amurka, ba tare da lasisi ba ya zama abin da ba zai yiwu ba, sai Ryland ya gina duniyarsa, wadda ake kira CornellVerse, daga sunan wani gwarzon cikinta, Tommy Cornell. Kamfanin Grey Dog Software ne ke fitar da wasan tun daga na 2005. Abin da ya sa duniyar ta kama zukatan mutane shi ne ba ta tsayawa wuri ɗaya. Kowace sabuwar fitowa tana tura tarihi gaba: wasu su tsufa, wasu su yi ritaya, 'ya'yansu su shigo, kamfanoni su tashi su faɗi. Mutumin da ya yi shekaru yana rainon DaVE a fitowar 2005 da ta 2007 ya buɗe ta 2008 ya tarar babu shi. Alƙalamin marubuci ne ya kashe shi, ba tare da shawartar kowa ba.

Yadda DaVE ya rayu ya kuma mutu

A tarihin duniyar, ƙananan kamfanoni huɗu sun gwabza a gabashin Amurka cikin shekarun 1990: DaVE, PPPW, RPW da XFW. DaVE ne kaɗai ya fita da rai. Mai shi Phil Vibert ne, cibiyarsa kuma yankin da wasan ke kira Tri State, wato New York da New Jersey da Pennsylvania. Salonsa kokawar kare-jini-biri-jini: kujerun ƙarfe, fasa tebur da mutum, waya mai ƙaya. Babban tauraronsa Nemesis, wanda kamfanin SWF na Richard Eisen ya kora a 1997 bayan wata karawa da Tommy Cornell da jini ya kwarara fiye da abin da kamfanin zai lamunta. Shi Cornell ya tafi kamfanin da daga baya ya zama TCW, Nemesis ya nufi DaVE ya zama ƙashin bayansa. Akwai kuma Eric Tyler, mugun da aka gina a kan ƙin jinin salon kamfanin kansa, yana wa'azin komawa kokawar da aka gada.

Duk mai bin reslin ya san inda aka samo wannan hoto. Kamfanin ECW ne na zahiri, na Paul Heyman a Philadelphia, wanda ya durƙushe a 2001. Ciwon ma iri ɗaya ne. ECW ya raini Dudley Boyz da Taz, WWF (tsohon sunan WWE) ta kwashe su. Mike Awesome ya tafi kamfanin WCW a Afrilun 2000 da kambun ECW a hannunsa. Tashar TNN ta yanke shirinsa a wannan shekarar, bashi ya ƙarasa sauran. DaVE ma haka: ƙarancin kuɗi, jikin manya ya gaji, waɗanda suka fi ƙarfinsa suna jiran duk wanda ya yi tashe.

Da aka rufe, sai aka yi rabon gado. Eddie Peak, Sammy Bach, Joey Minnesota da mutum biyun nan na ƙungiyar New Wave, Guide da Scout, suka koma TCW. Big Cat Brandon ya zama Brandon James a SWF, tare da Emma Chase, Jack Giedroyc ma can ya sauka. Chris Caulfield ya tafi USPW na Sam Strong. Waɗanda manya ba su waiwaya ba, Mitch Naess, tsohon mai sharhin DaVE, ya tattara su ya kafa Pittsburgh Steel Wrestling, PSW a taƙaice.

Shawarar farko ita ce babba

Wasan yana zuwa da edita, inda mutum ke iya gyara bayanan duniyar kafin ya fara. Nan ake tayar da mataccen kamfani, kuma nan ake yanke kusan komai, tun kafin a tsara karawa ko ɗaya. Nawa za ka zuba a asusu? Wane farin jini za ka ba kamfanin, a waɗanne yankuna? Wa za ka ciro daga inda yake ka mayar gida?

Babu mai hana ka cika asusun da miliyoyi, ka ɗaga farin jinin zuwa inda yake lokacin ganiya, ka yage kwantiragin Eddie Peak da na Brandon James ka dawo da su. Mutane na yin haka, kuma akwai daɗinsa. Amma wannan share mutuwar ne daga tarihi, kamar 2007 ba ta faru ba. A ɗaya gefen, idan ka fara da farin jinin sifili, sunan DaVE bai amfana maka komai ba, sabon kamfani ne kawai da tsohon tambari. Na ɗauki tsakiya. Wasan na jera kamfanoni mataki bakwai, daga na unguwa har na duniya; na ajiye DaVE a na uku, matakin yanki, da farin jini matsakaici a Tri State da ɗan abin da ba a rasa ba a maƙwabta. Hujjata ita ce shekara uku ba ta isa mutanen New York su manta ba, amma ta isa sauran ƙasar ta juya baya. Kuɗi kuwa na sa abin da zai ɗauki asarar 'yan watanni kawai. Na zauna a kujerar Vibert, ban taɓa kwantiragin kowa ba.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya mayar da wasan wasa. Duk taurarin da mutum ke tunawa idan an ce DaVE suna ƙarƙashin rubutaccen kwantiragi na keɓewa, ba a ma iya yi musu magana sai ya kusa ƙarewa. Shi kuma ƙaramin kamfani irin nawa biyan fitowa yake yi, kowane dare da kuɗinsa, wanda ke nufin ɗan wasan na da 'yancin yi wa wasu aiki, kuma duk ranar da babba ya miƙo takarda zai tafi.

Maganar PSW

Nan ne abin ya ɗan yi nauyi a zuci, ko da yake mutanen lambobi ne. Tsoffin da suka rage, irin su Johnny Martin, JD Morgan, The Wolverine, Teddy Powell da New Jersey Devils, wato Alex Braun da Tank Bradley, duk suna PSW. Naess ne ya riƙe su lokacin da babu mai so. Yanzu ga Vibert ya dawo yanki ɗaya, da salo ɗaya, yana neman mutane ɗaya. Ga kuma wani kamfanin, NYCW, a gefe, shi ma a Tri State yake, da kokawarsa ta dattawa.

Hanya uku ce. A shelanta yaƙi da PSW, wanda zai tilasta wa 'yan wasa zaɓar gefe. A yi zaman lafiya, a riƙa raba mutane. Ko a koma edita a sauya wa PSW suna zuwa DaVE, a huta. Ta ukun ta fi sauƙi, kuma idan aka duba da kyau ta fi gaskiya, domin PSW shi ne ainihin abin da ya rage na DaVE. Na ƙi ta ne saboda ina son ganin ko sunan na da wani ƙarfi nasa na kansa. Na raba mutane da Naess, na sa taronmu a ranakun da ba su ci karo da nasa ba. Sakamakon ya fito fili tun taron farko: fuskoki ɗaya, maki kusan ɗaya. Wasan ba ya ƙara wa karawa ko ɗigo saboda 'yan kallo na tuna da. Abin da yake aunawa shi ne iyawar mutum a yau, farin jininsa a wannan yankin, tashensa, da ko jininsu ya haɗu da abokin karawarsa, wanda sirri ne da sai an gwada ake sani.

Salon da ke ciyarwa, yake kuma ci

Kowane kamfani a wasan yana da haɗin salo da mai wasa ke daidaitawa: nawa na zubar da jini, nawa na kokawar gado, nawa na barkwanci, nawa na abin da bai dace da yara ba. Daga haɗin ne wasan ke fitar da halin 'yan kallonka. Haɗin DaVE yana ba ka masu kallo masu zafin kai, waɗanda ke kushe ɗan wasan da suka ga bai iya ba. Yana kuma korar masu talla, yana sa tashoshin talabijin ɗari-ɗari, kuma karawa mai hatsari tana kawo rauni. Ga ƙaramin kamfani kuɗin talla ba ƙaramin abu ba ne. Sau da yawa shi ke cike giɓin da tikiti ya bari.

Idan ka sassauta salon, asusu zai numfasa, amma tsoffin da iyawarsu duk a dambe da kujera take za su koma ba su da amfani, kuma ba ka da sauran dalilin kiran wurin DaVE. Idan ka bar shi yadda yake, ka dawo da cutar tare da majinyacin. Abin da na yi shi ne na bar salon, na rage yawan amfani da shi. Karawa ɗaya mai hatsari a taro, can ƙarshe, kuma sai an yi watanni ana ƙulla gabar da za ta kai ga waya mai ƙaya. Sauran taron dambe ne na hannu da surutu a makirfo. A ganina DaVE na asali ma da haka ya yi, da ya ƙara shekaru, ko da yake Ryland ya riga ya yanke hukuncinsa.

Tsoffi da yara

An ce da tsohuwar zuma ake magani, amma a wannan wasan zumar na tsami da sauri. Akwai tsarin tsufa: da zarar ɗan kokawa ya wuce ganiyarsa, iyawarsa na zubewa a hankali, kuma bayanan bayan karawa za su fara gaya maka cewa shekaru sun nuna. Tsohon da ya riƙe minti ashirin a da, yanzu goma ma da haki. Abin da ba ya zubewa da wuri shi ne farin jini da sanin yadda ake gina karawa. Waɗannan biyun su ne jarin da mai farfaɗo da kamfani ke da shi, kuma jari ne da ke ƙarewa ko an taɓa ko ba a taɓa ba.

Farin jini a wasan yana ƙaura. Idan wanda bai kai ba ya doke wanda ya fi shi, yana kwasar wani kaso. Don haka kowane tsoho rumbu ne da za a juye cikin wani yaro kafin ya ruɓe. Sai dai ba a yi da gaggawa: ka sa ƙaramin yaro ya kayar da babba tun ba a san shi ba, makin karawar zai faɗi, babban zai yi fushi, fushin kuma ya bazu a ɗakin sauya kaya.

Labarin da na gina shekarar farko a kansa daga tarihin kamfanin na ciro shi. Matasa sun haɗa kai suna zargin tsoffin da cewa su suka kashe DaVE, suka karya jikinsu don a tafa musu, suka bar wa na baya kufai. Ash Campbell, ɗan Nemesis, shi na sa a gaba. Uban ya riga ya daina kokawa, amma har yanzu yana da kwarjini da baki, ga shi gwani wajen tsara wa yara yadda karawa za ta gudana. Na yi amfani da shi ta fuska biyu: a bayan fage yana gyara karawa, a gaban jama'a yana tsaye tsakanin ɗansa da abokansa na da. Fitowar surutu ba ta buƙatar gwiwa mai lafiya, kuma sau da yawa ita ke ɗaga makin taron sama da abin da karawar kanta ta samu. Kambun DaVE Unified na bar shi a hannun Johnny Martin tsawon lokaci, don martabar kambu a wasan tana hawa ne da ingancin karawar da ake yi a kansa da girman mai riƙe da shi, ina so ranar da yaro zai karɓa ya karɓi abu mai nauyi.

Tsarin ya yi aiki, kuma aikin da ya yi shi ya jawo matsala ta gaba.

Wawaso da tarkon girma

Kamfanonin da kwamfuta ke tafiyarwa suna lura da wanda ke tashe. Yaron da ka yi watanni kana juye masa farin jinin tsoffi, da ya fara kawo maki mai kyau, sai saƙo ya shigo cewa SWF ko TCW ko USPW ta yi masa tayi. Ba ka da abin da za ka gwada da su. Ana ba ka 'yan kwanaki kafin ya tafi, abin da ya rage shi ne ka shirya taro ka sa ya faɗi a hannun na bayansa, don kada ya fice da duk abin da ka zuba. Na rasa matasa ta wannan hanya, ciki har da wanda nake shirin naɗawa. Daga nan na daina gina mutum ɗaya; kowane lokaci akwai biyu ko uku da ke hawa tare.

Mafita ɗaya ita ce girma zuwa mataki na huɗu, inda ake iya ɗaure mutane da rubutaccen kwantiragi, a kuma nemi talabijin da gaske. Amma masu buga wasan sun daɗe da sanin cewa wannan tsallaken shi ne mafi hatsari. Kuɗin gudanarwa na tashi nan take, albashi na zama na wata-wata ko an yi taro ko ba a yi ba, kuma farin jininka a yanki ɗaya ko biyu ne kawai, duk inda ka fita zaure ba ya cika. Kamfanin da ke cin 'yar riba a matakin yanki yana iya wayar gari cikin bashi watanni kaɗan bayan ya girma. A nan ne na fahimci mutuwar DaVE fiye da yadda rubutaccen tarihinsa ya bayyana ta. Ya yi girman da ba zai iya rayuwa da arha ba, bai kai girman da zai kare mutanensa ba, ga salon da ke hana shi kuɗin da zai cike tsakanin. Babu wanda ya rubuta wannan tarkon musamman domin DaVE, dokokin wasan ne ke haifar da shi, kuma duk wanda ya tayar da kamfanin da salonsa zai sake isowa bakin ramin.

Na ja birki da gangan. Na riƙa yin wasu tarukan a maƙwabtan yankuna, New England da Mid Atlantic, inda ake asara kaɗan amma ake shuka suna, na bar asusu ya yi kauri kafin na yarda a tsallaka. Wasa ne mai gundura a wannan zangon, kuma ya saɓa wa duk abin da sunan Danger and Violence Extreme ke nufi.

Abin da ya faru a zahiri

WWE ta gwada irin wannan da ECW, bayan ta mallaki kadarorinsa a 2003. Taron dare ɗaya da ta yi a Hammerstein Ballroom na New York ranar 12 ga Yuni 2005 ya yi armashi, domin dare ɗaya tuna baya kaɗai ya ishe shi. Da ta mayar da shi shirin mako-mako a tashar Sci Fi daga Yunin 2006, sai tambayoyin nan suka taso: tsoffi sun gaji, tasha da masu talla na da iyaka, salon ya sassauta. Taron December to Dismember na Disambar 2006 ya samu masu saye kusan 90,000 kacal, Heyman ya bar aikin bayansa. An rufe shirin a Fabrairun 2010, wani shirin mai suna NXT ya maye gurbinsa. Masoyan ECW na asali har yau ba su yafe ba. Amma a wannan shirin ne CM Punk ya fara fitowa a WWE, haka Sheamus, haka Kofi Kingston haifaffen Kumasi a Ghana, wanda ya ci kambun WWE a 2019. Ko da kuɗin WWE a bayansa, amfanin da tsohon sunan ya yi shi ne ya zama inuwar da aka raini sababbi.

A nawa wasan, ranar da ake jira ta zo daga baya: ɗaya daga cikin taurarin da suka tafi ya kammala kwantiraginsa, babban kamfanin bai sabunta ba. Farin jininsa ya zarce na kowa a wurina, kuɗin da ya nema na dare ɗaya zai biya matasa da dama, jikinsa kuma ya fara sauka. Na ɗauke shi na ɗan gajeren lokaci, ya ci karawa biyu-uku don a tuna ko shi wane ne, sannan ya faɗi a hannun Ash Campbell a babban taron shekara. Ban sabunta ba.

Wanda zai gwada wannan a fitowar wasan ta 2020 ko ta 2024, wadda ake kira TEW IX, zai tarar da lissafi daban. Tazarar ta haura shekara 12, mafi yawan mutanen Vibert sun ajiye takalmi, PSW ya tara tarihinsa na kansa, kuma tsarar Ash Campbell su ne manyan da za a juye farin jininsu cikin wasu yaran.